Ginin Ƙasa Sai da Yaɓe: Tarihin Gidan Wasan Kwaikwayo na Samaru

Gabatarwa

A cikin shekarar 1976 an kammala gidajen wasan kwaikwayo guda biyu a Nijeriya, kuma kowanne daga cikinsu in an ce masa "na ƙasa" ba a yi ƙarya ba. Na farko shi ne babban gidan wasa na Iganmu da ke Legas, wanda gwamnatin soja ta gina domin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, da aka yi a 1977. An kwaikwayo fasalinsa ne daga wani zauren wasanni da ke birnin Barna a ƙasar Bulgeriya, kuma babban zaurensa kaɗai an tsara shi ya ɗauki mutum 5,000. Wannan na ƙasa ne domin na Nijeriya ne baki ɗaya. Na biyu kuwa wani ɗan ƙaramin wuri ne a cikin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya. Shi kuma na ƙasa ne domin da jar ƙasa aka gina shi, irin wadda kakanninmu suka gina zaurukansu da ita.

A kan wannan na biyu muke so mu yi magana. Dalilinmu kuwa shi ne, mu malaman makarantun sakandare da ke koyar da wasan kwaikwayo a aji, kullum kukanmu guda ne: babu zaure, babu dandamali, babu kuɗi. Marubuta ma haka suke kuka, suna cewa sun rubuta wasanni amma babu inda za a nuna su. To, tarihin gidan wasan Samaru yana da abin da zai gaya mana game da wannan kuka, ko da yake ba duk abin da zai faɗa ne zai yi mana daɗin ji ba.

Abin da aka tarar

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Samaru ce ta kawo wa Hausawa wasan kwaikwayo. Tun kafin zuwan Turawa muna da tashe a watan azumi, muna da wasan gauta a fada inda mata kan kwaikwayi sarki da fadawansa, muna da kalankuwa bayan kaka inda samari kan naɗa wa junansu sarautu na wasa, ga kuma 'yan kama masu kwaikwayon malamai da ba'a. Dukkan waɗannan babu mai buƙatar labule ko tikiti. Dandali ne, ko ƙofar fada, ko tsakar gida, jama'a su yi da'ira a yi abin da za a yi a tsakiya.

Da boko ya zo sai rubutaccen wasa ya biyo shi. Aka sami Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Malam Aminu Kano ma tun yana malamin makaranta ya yi amfani da wasan kwaikwayo wajen sukar zalunci. Gidajen rediyo da talabijin na Kaduna kuma suka fito da gwanaye irin su Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja, da Ƙasimu Yero. Sai dai fa akwai abin lura a nan. Wasan makaranta ya zo da nasa tsarin zama: 'yan wasa a kan dandamali a sama, 'yan kallo a jere a ƙasa kamar ɗalibai a gaban allo. Da'irar nan ta dandali ta ɓace, aka koma mai faɗa da mai saurare.

Yadda aka gina shi

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, amma sai a 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a matsayin fanni, a ƙarƙashin Sashen Turanci. Wanda ya jagoranci wannan aiki shi ne Michael Etherton, wanda kafin nan ya koyar a Jami'ar Zambiya. A can yana cikin waɗanda suka kafa gidan wasan Chikwakwa, wani buɗaɗɗen wuri a wajen birnin Lusaka, wanda ɗalibai suka sa hannu wajen gina shi, kuma daga nan suke ɗaukar wasanni su kai ƙauyuka cikin harsunan mutanen wurin. Saboda haka ya iso Zariya da ra'ayin cewa gidan wasa a Afirka bai kamata ya zama kwafin na Landan ba.

A daidai wannan lokaci akwai wani matashin Ba'amurke mai suna Steven Ehrlich da ke koyar da fasahar zanen gine-gine a jami'ar. Ya taɓa aiki a Maroko, ya kuma zagaya ƙasashen Sahara yana nazarin ginin ƙasa. Shi ya zana gidan wasan, magina na gargajiya kuma suka ɗora shi. Daga baya Ehrlich ya koma birnin Los Anjalis ya zama sanannen mai zanen gine-gine, amma wannan ɗan aiki na Samaru yana cikin waɗanda ake fara ambata in ana ba da tarihinsa.

Fasalin ginin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe. Ɗakuna ne masu zagaye da rufin jinka, katangar ƙasa ta haɗa su, suka kewaye wani fili a tsakiya wanda sararin sama ne rufinsa. Ana iya yin wasa a tsakiyar filin 'yan kallo su zauna a gefe, ana kuma iya juya abin, a yi wasa a bakin ɗakunan 'yan kallo suna tsakiya. A taƙaice dai tsakar gida ce aka mayar dandalin wasa. Wannan ya sa aka laƙaba wa wurin suna da Turanci mai ma'anar Ƙauyen Dirama.

Ba abin mamaki ba ne a yi irin wannan gini a ƙasar Zazzau. A cikin birnin Zariya ne Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19, da tubali da azara, ginin da masana daga ƙasashe da dama suka yi ta zuwa nazarinsa. Abin mamakin shi ne a zaɓi ƙasa a shekarun da kuɗin man fetur ya yi yawa, lokacin da jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cincirindo a tashar Legas a 1975, kowa kuma yana ganin ginin ƙasa alamar talauci ce.

A yau masana suna yawan maganar gini mai ɗorewa wanda ba ya cutar da muhalli. Abin da suke nufi kusan duk yana cikin wannan gini. Ƙasar da ciyawar daga nan kusa aka samo su, ba a yi odar su daga waje ba. Katangar ƙasa mai kauri tana tare zafin rana, da dare kuma ta saki ɗumi a hankali, don haka ba a buƙatar na'urar sanyaya ɗaki. Muryar ɗan wasa tana isa kunnen kowa ba tare da lasifika ba, domin wurin ƙarami ne. In aka ɗauke wuta da rana babu abin da zai tsaya. In kuma wani wuri ya lalace, maginin da zai gyara yana nan cikin gari.

Abubuwan da aka riƙa nunawa

Ayyukan gidan wasan sun kasu kashi uku. Kashi na farko shi ne wasannin da ɗalibai ke nunawa a cikin gidan kansa. Wasu rubutattu ne na marubutan Afirka da na wasu ƙasashe, wasu kuma ɗaliban ne da malamansu ke ƙirƙirar su tare, ba tare da rubutu ba, ta hanyar gwaji da gyara har wasa ya tsaya da ƙafarsa. Cikin malamai da ɗaliban farko da suka yi fice a wannan aiki akwai Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah da Tunde Lakoju.

Kashi na biyu shi ne aikin garin Samaru, wanda ya zama wajibi ga ɗalibai masu ƙarancin shekaru a sashen. Sukan tsallaka titi su shiga unguwanni, su zauna da masu shago da 'yan kasuwa da masu sana'a, su tambaye su abin da ke damun su: ruwan sha, kwatami, shara, haya, rashin aikin yi. Sai su dawo su shirya gajerun wasanni a kan abin da suka ji, su koma su nuna a bakin titi ko fili, da Hausa ko da Turancin buroka.

Kashi na uku, wanda ya fi ɗaukaka sunan Samaru a duniya, shi ne fita ƙauyuka. A 1977 aka yi Wasan Manoma a yankin Soba. A lokacin gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa tun 1976, rediyo kullum yana kiran jama'a su koma gona. Wasan ya dubi shirin ta idon ƙaramin manomi, wanda ake yi wa wa'azin noma alhali abin da zai yi noman da shi ba ya isowa hannunsa. Bayan wannan aka yi ayyuka a Maska ta ƙasar Funtuwa, da Bomo da ke maƙwabtaka da jami'ar, da Lasanawa, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980.

Manufar da ke bayan aikin

Da farko tsarin shi ne ɗalibai su je su ji matsala, su dawo su shirya wasa, su kai wa ƙauye kammalalle. Ba a daɗe ba malaman suka gane cewa wannan bai bambanta da aikin malamin gona ko na duba-gari ba: ɗan boko ya zo da amsa, talaka ya saurara ya tafa. Alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai suka sauya salo. Manoma da kansu suka shiga cikin shirya wasan da fitowa a ciki. Aka riƙa barin wasa ba a ƙarasa ba, a tsaya a daidai inda rikici ya yi tsanani, a tambayi jama'a abin da ya kamata mutumin nan ya yi. Wanda ya kawo shawara sai a ce ya shigo fili ya gwada. In shawarar ba za ta yi aiki a zahiri ba, 'yan'uwansa ne za su fara gaya masa, domin sun san halin dillalin da ake kwaikwayo, sun san na mai unguwa.

Wannan tunani ba a Zariya kaɗai ya tsiro ba. Malaman sun karanta Paulo Freire da Augusto Boal, mutanen Barazil, waɗanda suka ce ilimi tattaunawa ce tsakanin mai koyarwa da mai koyo, ɗan kallo kuma ya kamata ya zama ɗan wasa. Sun san aikin Laedza Batanani da aka fara a Botsuwana a 1974. Sun kuma san abin da ya faru a ƙauyen Kamiriithu na ƙasar Kenya, inda manoma da ma'aikata suka gina dandalinsu da hannunsu, suka nuna wasan da Ngugi wa Thiong'o da Ngugi wa Mirii suka rubuta tare da su cikin harshen Kikuyu. A ƙarshen 1977 gwamnati ta tsare Ngugi wa Thiong'o, a 1982 kuma aka rushe dandalin. A gida ma, a 1980 ne 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu a madatsar ruwa ta Bakolori. Duk wanda ya tara manoma a waɗannan shekaru yana tambayar su wa ke cin amfanin guminsu ya san ba wasan yara yake yi ba.

Daga Samaru salon ya bazu. Etherton ya fitar da littafinsa a kan bunƙasar wasan kwaikwayo a Afirka a 1982. Ɗaliban da suka fita suka kai aikin jihar Binuwai da wasu jami'o'i, a 1989 kuma aka kafa ƙungiyar masu wasan jama'a ta Nijeriya, wato NPTA, wadda Oga Steve Abah na cikin jagororinta.

Inda katangar ta tsage

Tarihi ba kirari ba ne, dole mu faɗi inda aka gaza, kuma su kansu masu aikin ba su ɓoye ba a rubuce-rubucensu.

Matsala ta farko ita ce rashin komawa. Ɗalibi yana da jarrabawa, yana da hutu, yana da ranar gamawa. Zai zauna a ƙauye 'yan kwanaki, a tayar da magana mai zafi, a tafa, a watse. Shi ya sami makinsa ya tafi. Manomin da ya fito fili ya kwaikwayi mai kuɗin garin kuwa, gobe da safe da shi za su haɗu a masallaci da kasuwa, wataƙila ma a wurinsa zai nemi bashin hatsi da bazara. Mutanen Samaru kuma, da shekaru suka yi ta tafiya, suka ga kowace shekara sababbin fuskoki na zuwa da tsofaffin tambayoyi, kwatamin nan kuwa yana nan inda yake, sai wasunsu suka fara gajiya da amsawa.

Ta biyu ita ce harshe da al'ada. Jami'ar ta tara ɗalibai daga ko'ina a Nijeriya, da yawansu ba su jin Hausa sosai. Sannan matan aure da ke cikin kulle ba sa fitowa dandali, alhali matsalar ruwa da ta lafiyar yara su ta fi shafa.

Ta uku ita ce kuɗi. Bayan shirin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Babangida ta kawo a 1986, jami'o'i suka shiga ƙunci. Irin wannan aiki ya koma dogaro da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje. An yi ayyuka masu amfani da kuɗinsu a kan cutar ƙanjamau da lafiyar mata da zaɓe. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai ba da kuɗi yakan zo da batunsa a rubuce tun daga ofis, sai a wayi gari wasan da aka ƙirƙira don jama'a su faɗi nasu ya koma hanyar isar musu da saƙon wani.

Ta huɗu ita ce sauyin zamani. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan finafinan Hausa suka mamaye gidaje. Ƙungiyoyin dirama da yawa suka bar dandamali suka koma gaban kyamara, 'yan kallo suka bi su.

Akwai kuma rashin mutane. A 2014 sashen ya yi babban rashi a haɗarin mota, inda malamansa suka rasu, cikinsu har da Farfesa Jenkeri Okwori da Farfesa Samuel Kafewo, waɗanda suka shafe shekaru suna riƙe da wannan aiki. Irin ilimin da suke da shi, na yadda ake shiga gari a gaida dagaci a zauna da jama'a har su saki jiki, ba a cikin littafi kaɗai yake ba.

Darasin yaɓe

Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san sharaɗinsa. Kafin damina a duba indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe, a shafa makuba in da hali. Jinka kuma bayan 'yan shekaru sai an sauke ta an sa sabuwar ciyawa. Gidan da ake yi wa haka yakan ga jikoki da tattaɓa-kunne. Wanda aka bari kuwa damina uku ta ishe shi.

Mu dubi ɗan'uwansa na Legas. An gina shi da kankare da ƙarfe don kada ya buƙaci kowa, amma da aka yi sakaci da shi rufi ya yi yoyo, na'urorin sanyi suka mutu, babban zauren ya shafe shekaru a rufe. Gyaransa ya fi ƙarfin ma'aikatar da ke kula da shi, sai da aka miƙa aikin ga Babban Bankin Nijeriya da kwamitin shugabannin bankuna a 2020, aka kashe biliyoyin naira, a 2024 kuma aka sa masa sunan Wole Soyinka. Ashe siminti ma yana son yaɓe, sai dai nasa ya fi ƙarfin talaka. Mu kuma tuna da ƙauyen shirya finafinai da gwamnatin tarayya ta yi niyyar ginawa a Ƙofa ta jihar Kano a 2016, wanda aka janye bayan malamai da jama'a da dama sun nuna ƙin amincewa. Kome mutum yake gani game da wannan taƙaddama, ta nuna cewa kuɗi kaɗai ba ya kafa gidan wasa a inda ba a zauna da mutanen wurin ba tun farko.

Abin da muka fahimta daga tarihin Samaru shi ne, ginin da aikin da aka yi a cikinsa halinsu ɗaya. Dukkansu da abin da ke kusa aka yi su, dukkansu ba su da tsada, kuma dukkansu suna rayuwa ne muddin akwai hannuwan da ke dawowa kansu kowace shekara. A inda aka koma ƙauye sau biyu sau uku har mutanen wurin suka iya shirya wasansu da kansu, aikin ya bar baya. A inda aka je sau ɗaya aka ɗauki hoto, ruwan farko ya wanke shi.

Kammalawa

A wata makaranta da muka taɓa koyarwa, iska ta yaye rufin zauren taro, aka yi shekara huɗu ana jiran ɗan kwangila. A cikin waɗannan shekaru ƙungiyar wasan kwaikwayo ta mutu, mu da kanmu muka ce ba wurin yi. Alhali a bayan ajujuwa akwai wata babbar bishiyar maina da inuwarta za ta ɗauki ɗalibai ɗari biyu. Yaran da suka shiga aji ɗaya a shekarar da rufin ya tafi sun kai aji huɗu suna haddace Uwar Gulma don jarrabawa, ba su taɓa ganin an taka ko fitowa ɗaya daga cikinsa ba. Laifin ɗan kwangila daban, namu daban.

Saboda haka kiranmu ga 'yan'uwanmu malamai da marubuta shi ne, kada mu jira gwamna ya gina mana zaure mai kujera dubu. Reshen ƙungiyar marubuta a kowane gari zai iya haɗa kai da makaranta guda, a zaɓi fili guda, a tsayar da lokaci guda a shekara, ko bayan kaka ko ƙarshen zangon karatu, a nuna wasa biyu ko uku. Ɗaya ya kasance daga littafin da yara ke karantawa, ɗaya daga alƙalamin marubucin garin, ɗaya kuma yaran su shirya shi da kansu a kan abin da ke damun unguwarsu, a gayyaci iyaye da mai unguwa su zauna a da'ira su faɗi nasu. In an sami hali a kewaye filin da katangar ƙasa, a nemi Sarkin Magina ya duba aikin, tsofaffin ɗalibai su kawo ciyawa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sharaɗin dai guda ne, shi ne wanda mutanen Samaru suka koya da wahala: in an yi bana, a dawo baɗi, a wuri ɗaya, gaban mutanen nan dai, a tambaye su abin da ya canza tun bara.